Tambaya da Amsa: Yadda Ake Binciken Kisa a Ƙasashen Ƙanƙara

Wasiƙun wannan watan sun karkata ne ga littattafai da finafinan binciken laifi na ƙasashen arewacin Turai, wato Suwidin, Norwe, Denmak, Finlan da Aislan, waɗanda aka fi sani da sunan Nordic noir. Yawancin masu tambayar abu ɗaya suke son sani: shin abin da ake nunawa haka aikin yake a zahiri? Ga waɗanda muka zaɓo.

Tambaya: Assalamu alaikum. Kullum a cikin waɗannan labarai sai an tsinci gawa a ƙauye ko a bakin teku. Kisan kai ya yi yawa haka ne a ƙasashen? Daga wani mai karatu a Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ko kusa. Suna cikin ƙasashen da kisa ya fi ƙaranci a duniya. Norwe mai mutum miliyan 5 da rabi takan ga kisa tsakanin 25 da 40 a shekara. Suwidin mai mutum sama da miliyan 10 takan ga wajen 100, wani lokaci ya ɗan haura, kuma ƙaruwar da aka gani a 'yan shekarun nan ta harbe-harben gungun matasa ce a manyan birane, ba a ƙauyukan arewa ba. A Aislan kuwa, sai a watan Disamban 2013 ne 'yan sanda suka fara harbe mutum har lahira a tarihin ƙasar, kuma shugaban 'yan sandan ya fito ya yi wa iyalin mamacin ta'aziyya. Kisan da aka fi gani a ƙauyukan arewacin Finlan ba mai sarƙaƙiya ba ne: mutanen da suka san juna, a cikin ɗaki, giya ta yi yawa, wuƙar girki na kusa.

Ƙarancin kisan ne ma ya ba labaran ƙarfi. Inda kowa ya san kowa, kuma mutane suka yarda hukuma na kula da su tun daga haihuwa har tsufa, gawa ɗaya ta isa ta girgiza gari ta tono abin da aka binne shekaru. Marubuta biyu 'yan Suwidin, Maj Sjöwall da Per Wahlöö, su suka kafa wannan turba da littattafai 10 tsakanin 1965 da 1975, da gangan suka ɗauki aikin ɗan sanda ya zama madubin duba lahanin al'ummarsu. A Norwe har al'ada ce karanta labarin laifi a hutun Ista. Ta samo asali a 1923, lokacin da aka buga tallar wani littafi a shafin farko na jaridar Aftenposten da siffar kanun labari, wai an yi wa jirgin ƙasan Bergen fashi cikin dare, mutane da yawa suka ɗauka gaske ne.

Tambaya: Ni ɗalibar koyon aikin likita ce a Zariya. An koya mana ƙiyasta lokacin mutuwa da zafin jiki da sandarewar gawa. Yaya ake yi idan gawar ta daskare kamar dutse?

Amsa: Malama, kin taɓo inda gizo ke saƙa, domin a nan ne marubuta da dama ke tuntuɓe. Likitan da zai durƙusa kan gawar da ta kwana a digiri 25 ƙasa da sifili ya ce "ta mutu tsakanin ƙarfe biyu da uku na dare", a littafi kawai ake samunsa.

Mu fara da gawar da ba ta gama hucewa ba. Ana amfani da jadawalin da likitan Jamus Claus Henssge ya tsara, wanda ke buƙatar abu huɗu: zafin cikin jiki da aka auna ta dubura da dogon ma'auni, zafin iskar wurin, nauyin mamacin, sai kuma wani adadi na gyara da ake ninka nauyin da shi gwargwadon halin da gawar ke ciki. Gawa tsirara a busasshen wuri marar iska adadinta 1.0 ne. Mai tufafi biyu ko uku takan kai 1.2 zuwa 1.3, domin tufa na riƙe zafi. Wadda ke cikin ruwan da ba ya gudu 0.5 ce, ta ruwa mai gudu kuma 0.35. Kin ga ke nan mutum mai kilo 70 da ya faɗa rafi, lissafin zai ɗauke shi kamar mai kilo 25, saboda ruwan na zuƙe zafinsa da sauri. Ko da komai ya tafi daidai, amsar da jadawalin ke bayarwa tana da kuskuren kusan awa uku gaba ko baya. Kuma da zarar zafin gawar ya yi daidai da na wurin, agogon ya tsaya, ba sauran abin da ma'auni zai faɗa.

Sandarewa ma tana ruɗarwa. A yanayi matsakaici takan fara bayan awa biyu zuwa huɗu, ta cika wajen awa 12, ta sake bayan kwana ɗaya da rabi zuwa biyu. Sanyi yana jinkirta duk waɗannan matakai, har sandarewar ta yi kwanaki ba ta sake ba. Idan kuma ruwan jiki ya zama ƙanƙara, hannu ba zai bambance taurin daskarewa da na sandarewa ba. Ƙudaje kuwa, waɗanda a ƙasarmu kan sauka kan gawa cikin mintuna su bar tsutsotsin da ake ƙirga kwanaki da girmansu, ba sa tashi idan sanyi ya sauka ƙasa da wajen digiri 10. Shaidu uku ke nan sun yi shiru lokaci ɗaya.

To me ya rage? Wurin da kansa. Mai bincike yakan sa a ɗaga gawar a hankali ya duba ƙarƙashinta. Jikin da ya kwanta da ɗuminsa yana narkar da dusar ƙanƙarar da ke ƙasansa, daga baya ta sake daskarewa ta zama ɓawo mai sheƙi da siffar jikin, sau da yawa ma tufafin su manne da shi. Idan aka tarar dusar ƙarƙashin garas take, ba ta taɓa narkewa ba, to an kawo gawar ne bayan ta huce a wani wuri. Sannan a yanka dusar da ke kan gawar da gefenta daga sama har ƙasa, kamar yadda ake yanka alkaki, a ƙirga hawa-hawan: wannan ta zuba ranar kaza, wannan ɓawon na ranar da aka ɗan sami ɗumi ne. Sai a kwatanta da rajistar tashar yanayi mafi kusa. Da haka ake iya cewa gawar ta riga zubar ranar Talata amma ta biyo bayan ta Asabar. Ragowar sai a nema a rasit ɗin aljihu, kiran waya na ƙarshe, wasiƙun da suka taru a akwati, madarar da ta lalace a firji.

Binciken gawar shi ma ba ya yiwuwa ranar. Dole a narkar da ita sannu a ɗakin sanyi mai digiri 4 ko kusa da haka, abin da kan ci kwanaki, babban mutum har mako guda. Wanda ya yi gaggawa ya sa ta a ɗaki mai ɗumi, fata da naman waje za su fara ruɓewa alhali hanta da zuciya na nan ƙanƙara, sai ƙujewa da tabon shaƙa da ake nema su ɓace cikin canjin launi. Shi ya sa akan ɗauki hoton cikin jiki da na'ura tun tana daskare, a ga karaya ko harsashi, kafin a jira. Ƙanƙarar tana barin alamarta a tsokoki: ƙananan tsage-tsage da ake gani a madubin likita, waɗanda kan tona asirin wanda ya ajiye gawa a firiza ya fito da ita daga baya.

Abu ɗaya da ya shafi aikinki kai tsaye: likitocin arewa ba sa yanke hukuncin mutuwa kan mutumin da sanyi ya kama sai sun ɗumama shi tukuna. A watan Mayun 1999 wata matashiyar likita 'yar Suwidin ta faɗa ƙarƙashin ƙanƙarar wani rafi kusa da garin Narvik na Norwe, ta yi minti 80 a ruwan. Zafin jikinta ya sauka zuwa digiri 13.7, zuciyarta ta tsaya. A asibitin Tromso aka ja jininta ta na'ura ana ɗumama shi, ta farfaɗo, daga baya ta koma bakin aikinta.

Tambaya: Na ga wani fim inda aka tsinci mutum a kan ƙanƙara ya tuɓe kayansa, 'yan sanda suka ce ba kisa ba ne. Wa zai tuɓe riga cikin irin wannan sanyi? Daga Maraɗi.

Amsa: Yana faruwa, ɗan'uwa, kuma sananne ne ga likitocin gawa. Idan sanyi ya kama mutum, jijiyoyin jinin fata kan tsuke don su tsare ɗumi a ciki. Gab da mutuwa tsukewar kan saki, jini mai ɗumi ya kwararo fata, ga ƙwaƙwalwa ta riga ta rikice, sai mutum ya ji kamar wuta ake hura masa, ya shiga cire kaya. Akan ga hula a nan, safar hannu can gaba, riga, takalmi ɗaya, a jere bisa hanyar da ya bi yana tangaɗi. Wasu kuma a ƙarshe su cusa kansu ƙarƙashin gado, bayan kabad ko gindin itace. Wanda bai sani ba zai rantse fyaɗe ne ko fashi.

Abin da ake dubawa: maɓallan a ɓalle suke ko a tsinke? Sawun mutum ɗaya ne ko biyu? A gwiwa da gwiwar hannu akan ga jajayen tabo marasa kumburi, kama da na duka, amma idan aka yanka babu taruwar jini a ƙarƙashi. A bangon tumbi kuma akan sami ɗige-ɗige baƙaƙe da ake kira tabon Wischnewski. Sai a auna giya a jini, domin ita ce abokiyar tafiyar yawancin irin wannan mutuwa. Duk da haka ba a rufe fayil da wuri, saboda wanda aka sauke daga mota a dokar daji cikin dare shi ma sanyi ne zai kashe shi, alamominsa ɗaya da na wanda ya ɓata da kansa.

Tambaya: Mahaifinmu maharbi ne, ya koya mana bin sawu a yashi. Sawun da ke kan ƙanƙara fa, ta yaya ake kai shi kotu tunda narkewa zai yi? Daga wani malamin makaranta a Gaya.

Amsa: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Da zai je can, rabin aikin ya riga ya iya shi, domin karatun sawu ɗaya ne: tsawon taku, inda nauyi ya fi faɗawa, wane sawu ya hau kan wane. Bambancin shi ne a can dole a ɗauke sawun a kai shi gaban alƙali, kuma ana tsere da rana da iska.

Matakin farko kariya. A kifa kwali ko akwati a kan sawun, a ware hanya guda wadda duk ma'aikata za su riƙa bi, nesa da inda ake zaton mai laifin ya taka. Na biyu hoto. Fari a kan fari ba ya fitowa, don haka ana haska fitila daga gefe, ƙasa-ƙasa, yadda kowane zanen tafin takalmi zai yi inuwa, a ɗauka ta fuska uku ko huɗu. Kyamara na tsaye a kan ƙafafunta tana kallon sawun kai tsaye daga sama. Ma'aunin tsawo kuma sai an haƙa masa gurbi ya sauka daidai zurfin gindin sawun. Wanda ya ajiye shi a sama alhali sawun ya nutse santimita 10, girman takalmin zai fito ba daidai ba, lauyan wanda ake tuhuma kuma ba zai bar wannan ya wuce ba.

Na uku zubi. Ana amfani da garin filasta mai ƙarfi irin na likitocin haƙori, kusan kilo ɗaya a ruwa mililita 350, a dama a cikin leda har ya yi kaurin kunu. Matsalar ita ce filasta na fitar da zafi sa'ad da take ƙamewa, zafin kuma ya narkar da ainihin zanen da ake so. Dabarar farko ita ce a fesa wani kaki na musamman, sau uku, shafe-shafe, daga ɗan nesa don ƙarfin feshin kada ya rusa gefen sawun, a bar minti ɗaya ko biyu tsakanin kowane feshi. Kakin ya zama ɓawo mai riƙe siffar. Da yake yana da launi, yana jan zafin rana, saboda haka a yi masa inuwa nan take. Garin da ruwan a bar su waje su yi sanyi, har a jefa ɗan dusar ƙanƙara a ruwan, a ƙara cokali guda na gishirin fotasiyam salfet don kada haɗin ya daskare kafin ya ƙame. A zuba daga gefe ya gangara da kansa, kada a kwara a tsakiya. A rufe, a ba shi awa guda, a ɗaga, a bar shi ya bushe kwana biyu kafin a taɓa fuskarsa.

Dabara ta biyu za ta ba ka mamaki: farar wuta narkakkiya. Tana narkewa a wajen digiri 115, sai a sauke ta ana juyawa har ta fara yin tsaki-tsaki, a zuba ta wata 'yar kwata da aka yi a gefen sawun. Tana taɓa sanyi take ƙamewa nan take, ta kama zanen kafin dusar ta ankara ta narke. Idan aka zuba ta da zafinta sosai, rami kawai za a samu. Tana da saurin karyewa, don haka ana yin ta da kauri.

Sauran shaidu ma kowanne da halinsa. Kwanson harsashi yana fita da zafi, ya huda dusa ya nutse, ramin ya rufe, sai da na'urar gano ƙarfe, ko a kafa tanti a kwashe dusar murabba'i bayan murabba'i ana narkarwa ana tacewa da rariya. Jini yakan bazu a dusa ya yi ruwan hoda, cokali biyu su yi kama da kofi guda, don haka ba a ƙiyasta yawansa da ido. Batirin kyamara na mutuwa da wuri, sai a ajiye na canji a aljihun ciki. Biro na daskarewa, fensir ake rubutu da shi. Bindiga ko wuƙar da aka shigo da ita ɗaki mai ɗumi kai tsaye takan yi gumi, raɓar ta ɓata zanen yatsu. Alherin sanyi guda ne babba: yana adana ƙwayoyin halitta fiye da kowane yanayi.

Kuskure mafi tsada kuwa ba na kayan aiki ba ne. Daren 28 ga Fabrairun 1986 da aka harbe Firaministan Suwidin Olof Palme a titin Sveavägen na Stockholm, wurin da 'yan sanda suka killace ya yi ƙanƙanta ƙwarai, jama'a suka matso suna ajiye furanni suna tattake wurin. Harsasai biyun ma masu wucewa ne suka tsince su daga baya. An rufe binciken a 2020, bindigar ba a same ta ba, kuma babu wanda hukunci ya tabbata a kansa.

Tambaya: Gaskiya ne ɗan sanda ɗaya ke riƙe da gari sukutum, kamar yadda ake nunawa? Daga Kumasi.

Amsa: A kwanan farko, sau da yawa kusan haka ne, saboda nisa. Lardin Norrbotten na arewacin Suwidin ya fi Jihar Neja faɗi, mutanensa kuma wajen 250,000 ne kacal. Gawar da aka samu a garin Kiruna na wannan lardi sai an yi tafiyar kusan kilomita 600 da ita zuwa Umeå, inda sashen binciken gawa na arewa yake, samfurori kuma su wuce babban ɗakin gwaji na ƙasa a Linköping, can kudu. A Norwe hukumar Kripos da ke Oslo ce ke turo ƙwararru idan ƙaramin ofishi ya nema. Aikin ɗan sandan gari shi ne ya tsare wurin, ya rubuta wanda ya shiga da wanda ya fita, ya hana shaidu haɗa baki, har jirgi ya samu sauka. Idan guguwa ta rufe hanya, jiran na iya kai kwana biyu.

Tsibiran Svalbard na Norwe, can arewa, su ne ƙarshen misali. Gwamnan wurin shi ne kuma shugaban 'yan sanda, da jami'ai 'yan ƙalilan, jirage masu saukar ungulu biyu da jirgin ruwa. A Longyearbyen, babban garin wurin, rana ba ta fitowa daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Fabrairu, don haka duk binciken waje da fitila ake yi, wani na tsaye da bindiga yana gadi saboda farin beyar, wata babbar dabba mai kai wa mutane hari. Babu titin da ya haɗa garin da wani gari. A watan Disamban 2018 aka yi fashin banki na farko a can, wani ɗan Rasha ya karɓi kurona 70,000, ba a jima ba aka kama shi aka kai shi Tromso, domin mafita ɗaya ce, filin jirgi. A Girinlan, ƙananan ƙauyuka da yawa ba su da ɗan sanda ko ɗaya, sai wani mutumin gari da aka ɗora wa riƙon amana har jami'ai su iso ta ruwa ko ta sama.

Akwai kuma rundunar da makiyayanmu za su gane aikinta nan da nan. Tun 1949 Norwe ke da 'yan sandan rendiya, dabbar nan mai kama da barewa da ƙahoni masu rassa wadda al'ummar Sami ke kiwo. Suna yawo a babur ɗin ƙanƙara, suna sasanta rikicin makiyaya, suna bin satar dabbobi. Kowane mai garke yana da tsagar kunne tasa da aka yi wa rajista, shi ya sa ɓarawo kan fara da yanke kunnuwa ya ɓoye.

Inda littattafai suka fi kauce wa gaskiya shi ne jami'in da ke yin gaban kansa. A Suwidin, da zarar an sami wanda ake zargi da babban laifi, mai gabatar da ƙara ne ke jagorantar binciken, shi ke ba da izinin bincike gida da tsarewa, kuma dole alƙali ya saurari batun tsarewar cikin kwana huɗu da kamawa.

Tambaya: Idan babu gawa, babu makami, amma mutum ya amsa laifi da bakinsa, ai magana ta ƙare ko? Daga wata lauya a Kano.

Amsa: Barista, wannan ce tambayar da ta fi ci mana rai, domin manyan kurakuran shari'a na ƙasashen nan daga nan suka fito, sanyi bai da hannu a ciki.

A 1974 mutum biyu suka ɓace a Aislan, Gudmundur a watan Janairu cikin dare mai dusar ƙanƙara, Geirfinnur a watan Nuwamba. Ba a ga gawa ba, ba a ga shaidar gani da ido ba. Aka kama wasu matasa aka tsare kowannensu shi kaɗai wata da watanni, ɗayansu har kwana 655, ana yi musu tambayoyi ba iyaka, lauya kuma sai jefi-jefi. A ƙarshe suka amsa, labarinsu na canzawa duk lokacin da zaton masu bincike ya canza. Mutum shida aka yanke wa hukunci. Masanin halayyar ɗan Adam Gísli Gudjónsson ya bayyana yadda kaɗaici da rashin barci ke sa mutum ya daina yarda da tunaninsa, ya karɓi abin da ake faɗa masa a matsayin abin da ya tuna. A watan Satumban 2018 Kotun Ƙolin ƙasar ta wanke biyar daga cikinsu, wasu bayan sun rasu, Firaminista kuma ta nemi gafara.

A Suwidin wani majinyaci a asibitin masu taɓin hankali, da aka sani da sunan Thomas Quick, ya amsa kisa fiye da 30, aka same shi da laifin 8 tsakanin 1994 da 2001. Cikinsu har da na wasu ma'aurata 'yan Holan da aka daɓa wa wuƙa a cikin tantinsu a bakin tafkin Appojaure, can arewa, a 1984. Yana cikin shan magunguna masu ƙarfi, yana tsintar bayanai daga jaridu da kuma daga tambayoyin da ake yi masa. Wani ɗan guntu da aka gabatar a matsayin ƙashin yarinya, da aka sake gwadawa ashe katako ne da gam. Ya janye maganarsa a 2008, zuwa 2013 an soke hukuncin duka. Abin baƙin cikin shi ne shekarun da aka ɓata a kansa, masu kisan na gaskiya ba wanda ya neme su.

Norwe ta ɗauki darasi bayan kisan wata yarinya a tsibirin Karmøy a 1995, inda wani danginta ya amsa laifi bayan doguwar matsa, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta sallame shi. Sai suka ɗauko tsarin Ingila na yin tambayoyi suka gina nasu mai suna KREATIV. Ga yadda yake: a naɗi zaman da sauti da hoto. A bar mutum ya ba da labarinsa daga farko har ƙarshe ba katsewa. Tambayoyi su zama buɗaɗɗu, "faɗa mini yadda ka kwana ranar", ba "ka bi ta bakin tafki, ko ba haka ba?" Ba a yi masa ƙaryar cewa akwai shaidar da babu. Kafin a shiga ɗakin, mai tambaya ya rubuta duk wata halastacciyar hanya da za ta iya bayyana shaidar da ke hannunsa. Misali an ga motar mutumin kusa da wurin: ko ya ara wa wani, ko ya sayar, ko yana da ɗan'uwa a unguwar. Sai ya tambaye shi waɗannan ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ya ambaci an ga motar ba. Idan mutumin da bakinsa ya ce ba mai tuƙa ta sai shi, kuma bai je yankin ba, sannan a ajiye masa hoton. Marar laifi ya sami damar bayani, mai laifi kuma ya toshe wa kansa ƙofofi. Akwai kuma bayanan da ake ɓoye wa 'yan jarida da gangan, irin su nau'in igiya ko inda rauni yake, don a gwada duk wanda ya zo yana cewa shi ne.

Tambaya: Ina rubuta littattafan Hausa, ina so in gwada labarin bincike irin wannan. In kai labarin can ne ko in bar shi gida? Daga wata marubuciya a Gusau.

Amsa: Hajiya, ki bar shi gida. Abin ɗauka a wurinsu shi ne yadda ƙasa da yanayi ke juya binciken, kuma namu ba su gaza nasu ba. Su sanyi ke tsayar musu da agogo, ke zafi ne zai sa naki gudu: gawa na kumbura cikin kwana ɗaya ko biyu a bazara, dangi kuma na tsaye suna son a yi sutura kafin la'asar, jami'inki yana da 'yan sa'o'i ya shawo kansu ko ya rasa shaidarsa har abada. Su guguwar dusa ke rufe musu hanya, ke kina da gadar da ruwan Agusta ya cinye, da iskar hunturu mai share sawu kafin hantsi. In nisa kike so, Jihar Agadas ta fi Faransa faɗi. Ki san dokar da jami'inki ke aiki a ƙarƙashinta: tsarin mulkin Najeriya ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Ki zauna da mai unguwa, da mai wankan gawa, da maharbi, da ma'aikacin mutuware, ki tambaye su abin da ido ke fara gani. Kuma ki ba jami'inki zato uku tun farko, ya riƙa kashe su ɗaya-ɗaya da hujja.

Tambaya: Me ya sa a labaran ake cewa a jira bazara kafin a ga wanda ya nutse? Daga Garwa.

Amsa: Gawa na nutsewa ne da farko, iskar da ruɓewa ke tarawa a ciki ita ke taso da ita. A kogi mai ɗumi kwana biyu ko uku sun isa. A ƙasan tafki mai zurfi na arewa ruwan na zama a wajen digiri 4, ƙwayoyin da ke kawo ruɓewa kusan ba sa aiki, ga kuma rufin ƙanƙara a sama da kan kai watan Mayu ko Yuni bai fashe ba. Wanda ya faɗa a wuri marar zurfi yakan taso idan ruwan ya ɗumama. Na wuri mai zurfi sosai yana iya zama a ƙasa shekaru, kitsen jikinsa ya rikiɗe ya zama kamar sabulu, ya riƙe siffarsa har da tabon rauni. Masu nema kan huda ƙanƙarar a jere su zura kyamara ko na'urar da ke gano abu da amsa-kuwwar sauti, su zagaya da karnukan da aka horar su shinshina ramukan. Idan hakan bai ba da komai ba, sai a sa alamar wurin a taswira, a sanar da masunta da masu kwalekwale na yankin, a dawo makon da ƙanƙarar ta fara tsagewa.